Lauyan da Aka Kora, Ina Zai Kai Kuka?

A Najeriya, idan Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wato LPDC, ya ba da umarnin a goge sunan lauya daga rajista, sana'arsa ta ƙare. Ba zai sake tsayawa gaban alƙali da sunan kare wani ba, sai in an maido da sunansa cikin rajista. Hukunci mai nauyi irin wannan ya kamata a ce hanyar ƙalubalantarsa a share take. Abin takaici, kotunan ƙasar sun shafe shekaru suna gardama a kan ƙofar da wanda aka kora zai ƙwanƙwasa.

A 2005, a shari'ar Okike da LPDC, Kotun Ƙoli ta ce tana da hurumin sauraren ƙarar da aka ɗaukaka kai tsaye daga kwamitin, bisa gyaran da Dokar Soja mai lamba 21 ta 1994 ta yi wa Dokar Lauyoyi. Sai ga shi a 2013, a shari'ar Aladejobi, kotun ta juya: dole mai ƙara ya fara bi ta wani kwamitin ɗaukaka ƙara na majalisar dattawan lauyoyi. A 2014, a shari'ar Akintokun, ta sake jaddada hakan.

Me ya sauya tsakanin 2005 da 2013? Ba majalisa ce ta zauna ta sake doka ba. Waɗanda suka tattara Kundin Dokokin Tarayya na 2004 ne suka buga tsohon nassi, suka bar gyaran 1994 a waje. Ke nan an tura mutum ya kai kukansa ga kwamitin da gyaran 1994 ya riga ya kawar. Sakacin masu tattara kundi ya zama hukunci a kan abincin iyalin wani.

Masu kare kotu za su ce hurumi ba abin wasa ba ne: doka ce ke ba da shi, kuma shari'ar da aka yi ba tare da shi ba aikin banza ce komai kyawunta. Wannan gaskiya ne, babu mai hankalin da ke son alƙalai su riƙa ɗora wa kansu ikon da ba a ba su ba. Za su ƙara da cewa lauyoyin da ke cinye kuɗin waɗanda suka ɗauke su aiki ba su cancanci tausayi ba. To amma ɗaukaka ƙara ba tausayi ba ce. Ita ce kaɗai hanyar rarrabe maciyin amana da wanda aka zalunta. Kuma rashin tabbas ɗin ya fi yi wa mai laifi amfani, domin shi ne ke son a ɓata shekaru ana jayayya kan hurumi ba a taɓa zancen kuɗin da ya ci ba.

Maganin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Likitan da kotun ladabtar da likitoci ta hukunta, Kotun Ɗaukaka Ƙara yake nufa. Sashe na 240 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya damar miƙa wa wannan kotu ƙararraki daga irin waɗannan kotuna na musamman, sashe na 233 kuma ya tsara cewa daga nan ake wucewa Kotun Ƙoli. A shimfiɗa wa lauyoyi wannan tafarkin cikin nassi guda da ba ya buƙatar tawili. Majalisar da lauyoyi suka cika kujerunta ba ta da uzurin cewa ba ta san da matsalar ba.