A Daina Ɗora Wa Netwok Laifin Da Ba Nasa Ba

A shagunan buga takardu da cike fom na Kontagora, da zarar kwamfuta ta sandare amsa ɗaya ce: "Netwok ne." Wallahi na gaji da jin wannan magana. Yaro yana buga wasiƙa, ba ruwansa da intanet, ya danna harafi sai ya ƙirga uku kafin ya fito, kibiyar allo tana tsalle daga nan zuwa can, mai takarda yana tsaye a kansa yana tsaki. Ina netwok ya shigo a nan?

Yawancin allunan kwamfuta suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto bai kai milisakan 17 ba. Ita kuwa 'yar gwanjon da muke saye, sau da yawa ƙwaƙwalwarta mai baki biyu ce, ga ɗaruruwan ayyuka na jira. A cikin manhajar da ke tafiyar da na'urar akwai wani sashe da aikinsa kenan, ya zaɓi aikin da zai shiga yanzu da tsawon lokacin da za a ba shi. Kamar yaron injin niƙa ne: in ya bar mai buhu goma ya mamaye inji, mai mudu ɗaya da tukunyarta ke kan wuta sai ta yi ta jira. Injin bai tsaya ba ko sau ɗaya, amma gidanta ba a ci tuwo ba. Mai mudun nan ita ce yatsanka a kan madannai. Masu buhunan su ne manhajar farautar bairos, da sabuntawar da ke sauka a ɓoye, da tarkacen da ke tashi da kansu in an kunna na'ura.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masana sun daɗe da sanin haka. Con Kolivas, likitan sa barci a Ostireliya, ya shafe shekaru yana gyara wannan sashe a manhajar Linux don amfanin mai zaune gaban allo. A 2007 ya yi fushi ya bar aikin, yana ƙorafin cewa hankalin manya ya karkata ga injinan kamfanoni. A shekarar aka shigar da sabon tsarin rabon lokaci mai suna CFS na Ingo Molnár. A 2010 Mike Galbraith ya kawo gyara mai layi kusan 200 kacal, allon da ke sandarewa a ƙarƙashin aiki mai nauyi ya saki jiki, har jagoran Linux, Linus Torvalds, ya yaba. Layi ɗari biyu! Ba a sayi ko ƙusa ba. A 2023 aka sake sauya tsarin da EEVDF, kuma Android ɗin da ke aljihunmu a kan Linux ɗin nan aka gina shi.

To me ya sa in ka kai na'urarka gyara, kafin a buɗe ta an ce ka ƙara RAM ko ka sayi wata? Gaskiya ne wani lokacin RAM ɗin ne, ko tsohon faifai, ko zafin Maris da Afrilu da ke sa ƙwaƙwalwar rage gudu don kada ta ƙone. Amma mai gyaran da bai buɗe Task Manager ya ga wa ke cinye lokaci ba, sannan ya yanka maka kuɗi, cin haƙƙi ya yi. Mai shago yana ƙona fetur a janareta, a jihar da ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro, yana biyan kuɗin aikin da bai sa ba.

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A kan irin waɗannan injina 'ya'yanmu ke koyon danna amsa, wasu ma daga ƙauyukan Mariga da Magama suke zuwa da kuɗin mota da aka haɗa da ƙyar. Yarinyar da ta danna ba ta ga motsi ba za ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, ta sake dannawa, ta tsallake tambaya. Masu cibiyoyin koyo su kashe duk abin da ke tashi da kansa, su mayar da sabuntawa da binciken bairos bayan an tashi aiki, su kuma zauna su gwada kowace na'ura da hannunsu kafin su karɓi ko sisin ɗalibi.