Glock ko SIG? Tambayoyin da suka riga wannan a Koira Kano

A watan Oktoban 2025 wasu 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke matuƙin jirgin sama na wata ƙungiyar mishan a tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da fadar shugaban ƙasa. Lamarin ya tuna wa mazauna birnin da daren 7 ga Janairun 2011, lokacin da aka ɗauke wasu matasa biyu Faransawa daga wani gidan cin abinci a unguwar Plateau, washegari aka samu gawarwakinsu kusa da iyakar Mali.

Irin wannan labari ya fi girgiza unguwanni kamar Koira Kano, inda manyan ma'aikata, 'yan kasuwa, jami'an diflomasiyya da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suke zaune a bayan dogayen katangu, da mai gadi a kowace ƙofa. Sunan unguwar da Zabarmanci yana nufin gari mai daɗi. Idan fargaba ta shiga wuri irin wannan, maganar mallakar bindiga ba ta daɗewa kafin ta taso, domin a nan ne ake da kuɗin saye, a nan ne kuma ake da 'yan uwa a Turai da Amurka da za a tambaya shawara.

Shawarar da ke yawo a YouTube da TikTok kusan iri ɗaya ce: a nemi ƙaramar bindiga mai jikin roba wadda ba ta da guduma, irin su Glock, SIG Sauer P320 ko Canik ta Turkiyya. Sai dai muhawara ce da aka gina kan dokokin Amurka da kasuwarta. A Nijar, sunan kamfani shi ne tambaya ta ƙarshe. Kafin a zo kansa akwai batun izini, da wurin ajiya, da sanin inda makamin ya fito.

Wace irin bindiga ce?

A tsofaffin ƙananan bindigogi akwai wani ƙarfe a baya da ake kira guduma. Idan aka ja kunama sai gudumar ta daki allura, allurar ta daki gindin harsashi. Samfurin da ake yayi yanzu ba shi da gudumar. Allurar ce da kanta take ɗaure da sifirin a ciki, jan kunama kawai yake sakinta. Mariƙin da gangar jikin kuma an yi su da roba mai tauri, bakin bindigar da murfin samanta ne na ƙarfe. Don haka jita-jitar cewa na'urar filin jirgin sama ba ta ganinta ba gaskiya ba ce.

Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970, mai suna VP70, amma ba ta samu kasuwa sosai ba. Wanda ya sauya al'amarin shi ne Gaston Glock, ɗan ƙasar Ostiriya da ke ƙera sandunan labule da wuƙaƙe kafin ya shiga harkar. A 1982 sojojin ƙasarsa suka zaɓi Glock 17, mai ɗaukar harsashi 17. Ya rasu a Disambar 2023 yana da shekara 94, bayan bindigarsa ta zama abin ratayawar yawancin 'yan sandan Amurka. Sojojin Birtaniya sun karɓe ta a 2013, na Faransa kuma suka sanar a farkon 2020 cewa sun yi odar kusan 75,000.

Abin da masu ita ke yabo da abin da suke tsoro

Masu yabon wannan samfuri suna kawo hujjoji huɗu. Ba ta da nauyi kamar ta zallar ƙarfe. Sassanta kaɗan ne, don haka gyara da sharewa ba wuya. Tana jure ƙura da gumi, abin da duk wanda ya san hunturun Yamai da zafin watan Afrilu zai fahimci amfaninsa. Sannan nauyin jan kunamar ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, wanda ke sauƙaƙa koyo.

Masu suka kuma suna nuni da abu guda: yawancin waɗannan bindigogi ba su da makulli na waje da mutum zai buɗe da yatsa kafin harbi. Glock tana da matakan kariya uku a cikinta, amma duk suna sakin kansu da zarar an ja kunama. Ma'ana, idan akwai harsashi a ciki, duk abin da ya ja kunamar, yatsa ne ko gefen riga ko hannun yaro, bindigar za ta tashi. Masu goyon baya suna cewa horo da kube mai kyau su ne maganin wannan. Masu suka suna cewa an gina hujjar kan mutumin da ba ya kuskure.

Rigimar ta fi zafi a kan SIG Sauer P320. A Janairun 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓe ta a wata kwangila da za ta iya kaiwa dala miliyan 580. A shekarar ne kuma aka nuna cewa tana iya tashi idan ta faɗi ƙasa ta wata fuska, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta. A Afrilun 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka ruwaito cewa fiye da mutum 100 sun yi zargin bindigar ta tashi ba tare da sun taɓa kunama ba. A Nuwamban 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a Philadelphia suka ba wani da ya ji rauni diyyar dala miliyan 11. Kamfanin ya dage cewa bindigarsa ba ta tashi sai an ja kunama.

Darasin da ke cikin wannan ga mai karatu a Nijar shi ne: a Amurka mai bindiga yana da rasit, da lambar makami, da kamfanin da zai mayar wa, da kotun da zai kai ƙara. Wanda ya saya a ɓoye a Yamai ko Agadas ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Me doka ta ce?

A Nijar mallakar bindiga ba haƙƙi ba ne da tsarin mulki ya ba kowa kamar a Amurka. Izini ne da ake nema daga hukuma, ta hannun ma'aikatar cikin gida, kuma riƙe makami ba tare da shi ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso. Tun Nuwamban 1994, a tsakiyar tawayen arewacin ƙasar, aka kafa hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI. A ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙona bindigogi fiye da dubu a Agadas a bikin Wutar Zaman Lafiya.

Yarjejeniyar ƙananan makamai ta CEDEAO, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta fara aiki a 2009, ta gindaya sharuɗɗa ga farar hula: cikar shekaru, rashin tarihin aikata laifi, ƙwaƙƙwaran dalili, horo kan kiyaye haɗari, wurin ajiya inda bindiga da harsashi ba sa haɗuwa, da jiran aƙalla kwana 21 kafin a ba da lasisi. Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ficewar ba ta soke dokokin cikin gida ba, kuma ƙasar tana cikin yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2015. Amma ta bar tambaya a gaban ƙawancen AES: wane tsari ne zai maye gurbin musayar bayanai da maƙwabta kan makaman da ke tsallaka iyaka, musamman doguwar iyakar Nijar da Najeriya?

A Najeriyar ma ƙofar ba a buɗe take ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi a jerin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su. Shi ya sa lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Bello Matawalle, ya nemi jama'a su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, babban hafsan tsaron ƙasar, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Kasuwar da ake da ita a zahiri

Cibiyar binciken Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. A Najeriya ƙiyasin ya kai kusan uku ga mutum 100, a Nijar kuwa bai kai ɗaya ba. Wani rahoto da cibiyar ta fitar tare da Tarayyar Afirka a 2019 ya ce cikin bindigogi kimanin miliyan 40 da ke hannun farar hula a nahiyar, ƙasa da miliyan shida ne aka yi wa rajista.

Wannan yana nuna cewa mafi yawan abin da ke yawo bai bi ta shago ba. Bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai sun kwararo kudu daga Libiya, wasu kuma an ƙwace su ne daga hannun jami'an tsaro a hare-hare. Masu bincike sun kuma gano bindigogin da aka ƙera don yin ƙara kawai, galibi a Turkiyya, waɗanda ake sauyawa su riƙa harba harsashi na gaske. A ido suna kama da shahararrun samfura, amma ƙarfensu bai kai ya jure ba, suna iya fashewa a hannun mai harbi. Mutumin da ya kwana yana kallon bidiyon kwatanta Glock da SIG, idan ya shiga kasuwar bayan fage, ba shi da tabbacin abin da zai riƙe. Yana iya sayen jabu, ko makamin da aka kashe soja aka ɗauka, wanda lambarsa za ta ɗaura masa laifin da ya fi na riƙe bindiga nauyi.

Tana kare gida kuwa?

Nan ne lissafin ya fi wuya. Masu sace mutane da masu tayar da ƙayar baya a Sahel suna zuwa ne a ƙungiya, da Kalashnikov, a lokacin da suka zaɓa. A Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu da mutanensa na kwamitin sa-kai suka faɗa kwanton ɓauna a jihar Tilaberi, gwamnati ta ce mutum 69 suka mutu. Sun fi mai ƙaramar bindiga ɗaya yawa da shiri, duk da haka ba su tsira ba.

A ɗaya gefen akwai haɗarin da bindiga ke kawowa cikin gida. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mutum miliyan 26 a jihar Kaliforniya, ya gano cewa mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka sauran maza kusan sau takwas wajen kashe kansu da bindiga. Alƙaluman na wata al'umma ce daban, amma abin da suke nunawa bai san iyaka ba: makamin da ke kusa yana mayar da fushin minti biyar ko baƙin cikin dare ɗaya ya zama jana'iza.

Gidan Nijar kuma ba irin na bidiyon ba ne. Akwai yaran gida da na dangi, da 'yan aiki, da direba, da baƙin da ke kwana. Sauƙin harbin da masu ita ke yabo, a gida mai yara goma shi ne babban aibinta. Idan ba akwatin ƙarfe mai makulli, bindigar da aka saya don ɓarawo tana iya zama abin da ɓarawon ya zo nema.

Ga 'yan ci-rani

'Yan Nijar da 'yan Najeriya mazauna Amurka suna da nasu abin lura. Dokar tarayya ta ba mai katin zama na dindindin damar sayen bindiga idan ya cika sharuɗɗa, amma ta hana yawancin masu bizar karatu ko ziyara sai da wasu keɓantattun dalilai, ta kuma hana wanda ba shi da takardu gaba ɗaya. Saka bindiga ko sassanta a cikin mota ko kwantena a aika gida ba tare da lasisin fitarwa ba laifi ne a can, laifi ne kuma a tashar da kayan za su sauka. A 2017 kaɗai kwastan na Najeriya sun kama bindigogi fiye da 2,600 a Legas da aka ɓoye cikin kaya. Ɗan uwan da aka rubuta sunansa a takardar karɓar kaya shi ne zai fara amsa tambayoyi.

Fargabar mazauna Koira Kano da sauran unguwannin Yamai ba ƙirƙira ba ce, kuma wanda doka ta ba izini yana da damar auna samfurin da ya dace da shi. Amma abin da zai rage fargabar yana hannun hukuma ne: sintirin 'yan sanda da jandarma da ake gani, lambar kiran gaggawa da ake ɗauka, rajistar makamai da ke aiki, da tsarin ba da izini da kowa ya san ƙa'idarsa ba sai wanda ya san wani ba. Muddin waɗannan suka yi rauni, masu hali za su ci gaba da neman mafita ta kansu, kuma duk bindigar da ta shiga gida ba rajista, wata rana tana iya fitowa titi a hannun wanda ba shi ya saye ta ba.