Kitso da Ƙwarƙwata: Launi da Sheƙi Wajen Gyaran Tsohuwar A-kori-kura

Gabatarwa

Wataƙila wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su ce, me ya haɗa nazarin Hausa da fentin mota? Amsar ita ce, duk abin da Bahaushe ya raɗa wa suna, ya yi wa kirari, ya kuma ci abinci da shi shekara da shekaru, ya riga ya shiga cikin al'adarsa. A-kori-kura kuwa ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wanda ya tashi farfaɗo da tsohuwar a-kori-kura ya mayar da ita ga launinta na asali, ko wani mai haske makamancinsa, da fenti mai matsakaicin sheƙi, ya bar kwaikwayon ƙyallin sababbin motoci. Dalilaina sun shafi yanayin ƙasarmu, da aljihun mai mota, da kuma mutuncin ita kanta motar.

Motar da Muke Magana a Kanta

An kafa kamfanin haɗa motocin Peugeot, wadda muke kira Fijo, a 1972, ya kuma fara fitar da motoci daga Kakuri ta Kaduna a 1975. Samfurin 404 da na 504 su ne suka cika hanyoyin Arewa. Faransa ta daina ƙera 504 ta shiga a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har fiye da shekara 20 bayan nan, domin ta dace da hanyoyinmu da kuma hannun makanikanmu.

Wanda yake son ya ga sauran da ya rage na waɗannan motoci, to ya je Wudil ranar Juma'a. Garin yana kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, kuma kasuwarsa, musamman karar shanu, tana tara mutane daga Gaya da Garko da Sumaila da Takai da ma nesa da haka. A nan za a ga tsofaffin a-kori-kura suna hawa gada da buhunan hatsi, da awaki, da ’yan kasuwa a saman kaya. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Idan mai irin wannan mota ya sami ɗan sarari ya kai ta gyaran jiki, tambayar farko da mai fenti zai yi masa ita ce, wane launi za a fesa? A nan ne ake yawan yin kuskure.

Rana da Ƙura Su Ne Alƙalai

Ba idon mai mota ne kaɗai yake yanke hukunci a kan fenti ba, yanayi ma yana da ta cewa. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan wuce ma'auni 40. Launi mai duhu yana shan zafin rana, mai haske kuwa yana mayar da shi. Tsohuwar a-kori-kura ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka wanda ya fesa mata baƙi ko shuɗi mai duhu ya mayar da gidan direba tanderu da kuɗinsa. Ja yana da kyau ranar da aka fito da shi daga gareji, sai dai yana cikin launukan da rana ta fi saurin koɗarwa, har ya koma kamar an barbaɗa masa gari.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuma sai ƙurar hunturu. Baƙar mota ba ta kwana ɗaya da tsabta a wannan lokaci, kuma duk shafar da yaron mota ya yi mata da busasshen tsumma, karce yake bari. Fari, da ruwan madara, da ruwan ƙasa mai haske, da shuɗi mai haske suna ɓoye ƙura da ƙananan karce. Ba banza ba galibin a-kori-kurar da aka sani a da irin waɗannan launuka ne da su.

Maganar Sheƙi

Fentin da waɗannan motoci suka saba da shi mai hawa ɗaya ne, wato launi da sheƙi suna cikin ruwa guda. Wanda ake yayi yanzu mai hawa biyu ne: a fesa launi, sau da yawa mai ɗauke da ƙananan ɓarɓashin alminiyom da ke sa shi walƙiya, sannan a rufe shi da wani ruwa garai-garai mai sheƙi. Babu mai musun cewa wannan yana ɗaukar ido. Amma yana da aibi uku ga motar aiki.

Na farko, sheƙi mai yawa ɗan tonon asiri ne. Jikin da ya yi shekara 40 yana shan guduma ba zai taɓa miƙewa sumul ba, kuma gwargwadon ƙyallin fenti gwargwadon yadda kowace lotsa za ta fito fili. Na biyu, idan ruwan saman nan ba mai kyau ba ne, ko ba a fesa shi da kauri ba, rana takan ƙona shi ya riƙa saɓulewa daga rufi da murfin inji kamar saɓar maciji, kuma ba shi da magani sai sake feshi. Na uku, ba ya karɓar faci. In ƙahon sa ya karce gefen mota, fenti mai hawa ɗaya ana iya taɓa wurin kaɗai a goge ya saje, amma mai walƙiya sai an fesa ƙofar ko gefen gaba ɗaya, kuma duk da haka da wuya launin ya zo daidai.

Akwai kuma masu tsallakawa ɗaya ɓangaren, su ce a fesa marar sheƙi sam, irin wanda ake gani a hotunan intanet. Shi ma bai dace da mu ba, domin yana riƙe maiƙo da shatin hannu, kuma ba a goge shi, in an goge sai wurin ya yi sheƙi ya bambanta da saura. Tsaka-tsaki shi ne daidai.

Abin da ke Ƙarƙashi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babban abokin gabar tsohuwar mota ba koɗewar launi ba ne, tsatsa ce. Bayan a-kori-kurar Wudil yana shan fitsarin dabbobi, da takin zamani, da jiƙaƙƙen yashin kogi, waɗanda duk masu cin ƙarfe ne. Abin takaici, mai mota yakan yi awa guda yana jayayya a kan launi, amma ba zai yi minti biyar yana duba yadda aka kankare tsatsa ba. Sai a cusa ƙullun cike lotsa da kauri a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, a fesa mai walƙiya a kai, kowa ya yaba. Damina ɗaya sai fenti ya kumbura ya fashe. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata.

Shawarata ita ce, in kuɗi bai isa duka ba, a rage a wajen ƙyalli a ƙara a wajen shiri: a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi masa walda, a goge da samfefa har ƙarfe ya fito, a shimfiɗa fentin hana tsatsa, a kuma shafe cikin baya da ƙarƙashin mota da baƙin fenti mai kauri. A guji feshi a fili ranar da iska ke ɗauke da ƙura. Haka kuma kada a manta da yaran gareji. Tsofaffin fenti da yawa, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma, sababbi masu haɗin ruwa biyu kuwa tururinsu yana lahanta huhu. Mun ga abin da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ɗaure hanci da tsumma ba kariya ba ce.

Doka Ma Tana da Baki

An rubuta launin kowace mota a takardunta. Wanda ya sauya launi bai sauya takarda ba ya sayi rigima da jami'an hanya a kowane shinge tsakanin Wudil da Kano. Bugu da ƙari, tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula fesa wa motarsa koren soja. Komawa ga launin asali yana raba mutum da wannan duka. Gano shi kuwa ba wuya: a duba cikin dokin ƙofa, da ƙarƙashin murfin inji, da bayan kujera, inda rana da masu fenti ba su cika kaiwa ba.

Masu Ganin Akasin Haka

Wani zai ce, motarsa ce, kuɗinsa ne, ina ruwan ɗalibi? Gaskiya ne, ba a yi wa mai kaya dole, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wani kuma zai ce mai walƙiya ta fi saurin samun mai saye. Mai sayen a-kori-kura ba baƙo ba ne a harkar. Yakan ƙwanƙwasa jiki da yatsa, ya leƙa ƙasa, kuma sabon ƙyalli a kan tsohon ƙarfe shakka yake ƙara masa. Ko an fesa wa 504 launin Hilux ba za ta zama Hilux ba, kayan aro ba ya rufe katara.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa Bahaushe mai son ado ne, farar mota salam kuwa ba ta da armashi. Na yarda da rabin farko. Sai dai a dubi inda Bahaushe yake ajiye adonsa. Babbar riga launinta ɗaya ne, aikin aska takwas yana wuya da aljihu. Soron gida jikinsa na ƙasa ne, zane yana bakin ƙofa. Haka adon motarmu ya gada: jiki launi ɗaya, sai layi a gefe, da zanen dagi ko fure a marfin baya, da karin magana ko addu'a ko kirarin direba da hannun mai rubutu. Wannan rubutu wani reshe ne na adabinmu da ke yawo a kan titi, kuma ya fi fitowa a kan shimfiɗa mai haske. Takardun liƙawa da ake bugowa da inji suna neman kashe wannan sana'a, alhali mai mota ɗaya da ya kira mai rubutu ya raya ta.

Daɗin daɗawa, akwai asarar harshe. A gareji yanzu sai ka ji ana cewa siliba da ash da nebi, kamar ba mu da ruwan toka, da ruwan goro, da ruwan makuba, da algashi, da ruwan ɗorawa, da shuɗi. Al'ummar da marinar Ƙofar Mata take cikinta ba ta rasa sunan launi ba. Aiki ne a kanmu, mu ɗaliban wannan sashe, mu shiga garejojin Wudil da Kano mu tattara kalmomin masu fenti da rubuce-rubucen jikin motoci tun masu su suna raye.

Kammalawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Darajar a-kori-kura ba a ɓoye shekarunta take ba, a ƙarfinta da sauƙin gyaranta take. Wanda ya ba ta launi mai haske, da sheƙi gwargwado, da shiri mai kyau a ƙarƙashi, ya kuma bar wa mai rubutu marfin baya, kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu. Ina fata malamaina da 'yan'uwana masu wani ra'ayi dabam za su mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya, amin.