ME YA HAƊA MANOMI DA KWATAR BIRNI?

Ya ku 'yan'uwanmu mutanen karkara, manoma da makiyaya, maza da mata! Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa na kusa da shi.

Zaɓe ya ƙarato. Da mun ta da maganar gyaran birni sai wani ya ce, "Ina ruwana da kwatar Kano, ni da ke zaune a ƙauye?" To malam, da ruwanka ƙwarai. In an gama aikin kaka, ina ɗanka ke tafiya cin rani? Riɗinka da wakenka ina ake kai su in ba Dawanau ba? Ran da haihuwa ta zo wa iyalinka da gardama, ai Asibitin Murtala ake nufa. In kwalara ta ɓarke a unguwar da yaronka ke kwana, gida zai kawo maka ita.

Gyaran birni kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kuma sa lantarki da kuɗin baitulmali. Kuɗin nan harajin kakanninku ne. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga: birni ya sha, manoman Kadawa da Kura suka samu noman rani. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, a 1980 ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, magidanta suka koyi rubuta sunansu. Kun ga ke nan, in akwai niyya ana yin aikin da birni da ƙauye za su ci moriyarsa tare.

Sakaci ma haka yake, ba ya tambayar garinku. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa, don magudanai sun toshe, ruwa ya rasa hanya. Ɗan dakon da ya kwana bai samu ko sisi ba ran nan, ɗan wane ne? Naku ne.

To, aikin wa ne wannan? Tun gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 aka fayyace shi, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya jera shi dalla-dalla: kasuwa da tashar mota, mayanka, kwasar shara, bayan gida na jama'a, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Jihar Kano, kuma kowane wata akwai rabon kowace daga asusun Tarayya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ban da kantomomi. Amma hukunci a takarda ba ya yashe kwata, sai an samu masu tsoron Allah sun aiwatar da shi.

Gaskiya ne a wannan zaɓe ba Ciyaman da Kansila za ku zaɓa ba. Sai dai Gwamna da 'yan Majalisar Jiha da za ku zaɓa, su ne ke iya sakin wuyan ƙaramar hukuma ko su shaƙe ta. Saboda haka ga alkawarin da jam'iyyarmu ta ɗauka, ku riƙe mu da shi:

Na ɗaya, kowane wata za a faɗi kuɗin da ƙaramar hukuma ta karɓa a rediyo, a kuma manna a ƙofar sakatariya.

Na biyu, za a yashe magudanai a kwashe juji tun bazara, kafin ruwan fari ya sauka.

Na uku, duk kasuwar da ake karɓar kuɗin shiga a cikinta za ta samu ruwa da bayan gida da mai gadi.

Na huɗu, za a sa ungozoma mai horo da magani a asibitin gunduma, don a rage ɗaukar mai naƙuda a bayan babur zuwa birni.

Na biyar, za a buɗe wuraren koyon sana'a ga samari, don zaman banza shi ke haifar da daba da shaye-shaye.

'Yan'uwa, masu neman ƙuri'a za su zo muku da sabulu da atamfa da taliya. Sabulu mako guda ya ƙare, mulki kuwa shekara 4 ne cur. Duk wanda ya zo, har da namu, ku tsare shi da tambaya: wace rijiya ka gina, wane asibiti ka gyara, ina kuɗin ƙaramar hukumarmu? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ku adana katinku na zaɓe. Ran zaɓe ku yi sammako, ku fito da iyalinku, ku dangwala wa jam'iyyarmu, ku tsaya har a ƙirga a gabanku. Allah Ya ba mu damuna mai albarka da shugabanni masu adalci, amin.