Sreejesh: Giɓin da golan Indiya ya bari

Tun da P.R. Sreejesh ya yi ritaya bayan gasar Olamfik ta Paris a 2024, masoya ƙwallon gora, wato hoki, a Indiya ba su daina ambatonsa ba. Ƙasar da ta ci zinare takwas a tarihin gasar ta shafe shekara 41 ba ta samu lambar yabo ba, sai a Tokyo a 2021, inda wannan mai tsaron raga ɗan jihar Kerala ya tare bugun Jamus a daƙiƙun ƙarshe, Indiya ta yi nasara da ci 5-4, ta karɓi tagulla.

A Paris ma shi ya riƙe tawagar. An bai wa Amit Rohidas jan kati a karawa da Birtaniya, saura mutum goma a fili, amma Indiya ta tsallake a bugun raba gardama, daga bisani ta doke Sifaniya ta sake ɗaukar tagulla.

Sai dai yabon na rufe wani rauni: idan gola ya yi fice haka, to ana yawan ratsa 'yan bayansa ke nan. Hukumar hoki ta ƙasar ta jingine lambarsa ta 16, ta damƙa masa horar da tawagar matasa. Krishan Pathak da ya gaje shi zai buƙaci 'yan baya da suka fi na zamanin Sreejesh ƙarfi.