Araha Ba Ta Ado: Marubuci da Ladan Mai Zane

Daga cikin matsalolin da ke damun matasan marubutanmu a wannan zamani, musamman waɗanda Allah ya kimsa wa sha'awar fitar da labari cikin zane, irin wanda ake jera hotuna gida-gida a shafi ana sa magana a bakin mutanen ciki, babu wadda ta kai ta neman mai zanen da aljihunsu zai iya ɗauka. Marubuci yakan kammala labarinsa, ya ƙayyade abin da kowane shafi zai ƙunsa, sa'an nan ya tarar ladan da gwani ke nema ya ninka abin da ya tanada. Daga nan sai ya shiga cigiyar wanda zai yi masa aikin kyauta, ko kuwa bisa alkawarin wani kaso in littafi ya karɓu. Ra'ayina shi ne a nemi rangwame ta wajen rage girman aikin, kada a neme shi ta wajen tauye haƙƙin mai yinsa.

Wajibi ne marubuci ya fahimci wahalar da ke cikin shafi guda, domin sai an tsara shi, an zana da fensir, an bi da tawada, an sa launi, kana a rubuta maganganu. A Amurka, inda littafi ɗaya kan kai shafi 20 zuwa 24, gwani yakan ci kusan yini a kan zanen fensir na shafi ɗaya kaɗai. Marubuci zai rubuta cewa kasuwa ta cika maƙil, ya wuce cikin numfashi guda, alhali mai zane sai ya fitar da rumfuna, da 'yan dako, da mahauta, da fuskar kowa daban da ta ɗan'uwansa.

Tarihin wannan fanni ya tabbatar da cewa da yawa daga cikin littattafan da suka ɗaukaka na tarayya ne. A Faransa, René Goscinny da Albert Uderzo suka fara Asterix a 1959, ɗaya yana rubutu ɗaya yana zane, sunayensu biyu a bango, har ajali ya raba su a 1977. Haka nan Marguerite Abouet, 'yar Abijan, ta haɗa kai da Clément Oubrerie suka fitar da labarin Aya na unguwar Yopougon a 2005, ya ci lambar yabo a bikin Angoulême a 2006. Amma Jerry Siegel da Joe Shuster, da suka sayar da mallakar Superman a 1938 kan dala 130, sun ga dukiya tana kwarara hannun wasu, Shuster kuwa ya tsufa cikin talauci ganinsa ya raunana, ba a yanka musu fansho ba sai a 1975. Wannan babbar izina ce ga duk mai shiga sana'ar bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Malamanmu na fikihu sun riga sun shimfiɗa mana ƙa'ida a babin ijara, inda suka sharɗanta cewa aiki ya zama sananne, lada ma sananne, saboda gudun garari da husuma. Wanda ya ce wa yaro ya zana shafi 40 bisa fatan ribar da babu wanda ya san zuwanta, ya ɗora masa hasarar da shi kansa yake gudu. In tarayya ake nufi, a kira ta tarayya, a rubuta kason kowa a gaban shaidu; in kuwa ijara ce, a faɗi kuɗin shafi, a biya kashi-kashi yayin da aiki ke fitowa.

Masu zanen kuwa ba su yi ƙaranci ba. Sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya shahara tun kafin ta zama jami'a, kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai kowace shekara, ga masu zanen allunan kantuna da bayan manyan motoci, ga kuma matasan da ke baje hajarsu a Facebook da Instagram. Marubucin da ƙarfinsa bai kai ba ya fara da gajeren labari na shafi 8, ya bar shi baƙi da fari kamar yadda akasarin littattafan Japan suke, ya rage taron jama'a da yawan wurare a labarin, ya koyi sa maganganu da kansa a kwamfuta. Kafin a ƙulla yarjejeniya ya nemi shafin gwaji guda, ya biya ladansa cikakke, domin a nan zai gane ko hannun mai zanen ya san zubin rawani da faɗuwar babbar riga.

Ina kira ga marubutanmu su tara abin da ya sawwaƙa, su yi aiki daidai ƙarfinsu, su biya lada a kan kari, su kuma sa sunan mai zane a bango kusa da nasu, domin haƙƙinsa ne.