Tamowa a Jigawa: A Ƙara wa Masana Abincin Yara Ilimi

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali jihar na noman gero, wake da gyaɗa. Talauci na da hannu, haka ma ƙarancin masana abincin yara. Jaririn da madara ke sa wa ƙuraje, da yaron da ya ƙi abinci bayan yaye, duk suna bukatar masani. Muna kira ga gwamnati ta riƙa shirya wa ma'aikatan asibitocin Dutse, Jahun da Birnin Kudu kwasa-kwasan ƙarin ilimi. 'Yan'uwa kuma mu tura 'ya'yanmu, musamman mata, karatun wannan fanni, domin farali ne na kifaya. Allah Ya sa mu dace.